Awa 12 a mako: abin da na gani a manhajar tsara karatu da Autanmu ya haɗa

A zangon farko na HND 1, wato shekarar farko ta babbar difloma, na yi asarar maki 10 a kwas ɗin ƙididdiga, kuma ba don ban iya ba. Malamin ya ba da aikin gida ranar wata Talata, ya ce a kawo bayan mako biyu. Na rubuta a bangon littafina, ƙarƙashin lissafin kuɗin cefane, na rufe. Ban sake tunawa ba sai da na ga wakilin aji yana bi layi-layi yana karɓar takardu. Ranar tun daga Yaba har Agege ban ce wa kowa uffan ba a mota. Macen da ta koma makaranta bayan shekara 8 da gama ND, da 'ya'ya biyu a gida, ta san abin da kowane maki ya ci mata.

Wanda ya haɗa manhajar da zan yi magana a kanta ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya, Autanmu. Na faɗi haka tun farko don mai karatu ya auna maganata da kyau. Yana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin kwamfuta, kuma wannan ce furojet ɗinsa. Ban kama sunanta ba saboda shi ma bai tsayar da suna ba, sau biyu yana canzawa. Yadda ta zo hannuna kuwa, ƙa'idar Play Store ce: sabon mai haɗa manhaja zai biya dala 25 na rajista, sannan sai mutum 12 sun gwada manhajar kwana 14 a jere kafin a bar shi ya fitar da ita ga jama'a. Wata Lahadi ya zo gidana da takarda yana tattara adireshin imel. Ya ce, "Yaya, ke na fara sa wa a rai. In ta yi miki aiki, za ta yi wa kowa." Kwana 14 ya roƙa, ga shi yanzu ina cikin zango na biyu da ita.

Na zaci da na buɗe za ta ce in jera kwasa-kwasaina. Ba ta fara da wannan ba. Tambayar farko ita ce wane gari nake, don ta fitar da lokutan salla. Sai ƙarfe nawa nake kwanciya, ƙarfe nawa nake tashi. Sai wani shafi mai taken "Abubuwan da ba sa ɗaguwa", inda na zuba girkin safe, shirya yara, girkin dare, wanki, kitso, zuwa gaida Inna a Idi-Araba duk ranar Lahadi. Sannan hanya. A kan hanyar nan na gane yaron nan ya san Legas ya yi wa aikin.

Daga gidanmu, in mota ce, danfo zan hau zuwa Oshodi, in sauka in nemi wata zuwa Yaba. Ranar da Allah ya taimaka awa ɗaya da rabi, ranar Litinin ko ranar ruwa kuwa awa biyu ba ta isa. Tun Oktoban 2024 da jirgin ƙasa na Jan Layi ya fara ɗaukar fasinja daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, abin ya yi sauƙi ƙwarai, amma sai ranar da lokacinsa ya dace da laccata. Manhajar ta ba ni damar sa lokacin hanya iri biyu, na jirgi da na mota, da safe in taɓa wanda ya kama. Kuma ba ta ɗauke su ɗaya ba. Ta raba lokacin karatu gida biyu: "lokacin ido" da "lokacin tebur". Lokacin ido shi ne wanda za ki iya duba takarda ko waya amma ba ki da wurin rubutu. Lokacin tebur shi ne wanda za ki baje littafi da kalkuleta da rula. Mu masu karatun akanta aikinmu kusan duk na tebur ne, ba a daidaita ma'aunin asusu a kan cinya. Zaman jirgi ya shiga lokacin ido. Zaman danfo kuwa na sa shi ba komai, domin duk wanda ya san Oshodi ba ya fito da waya a bakin taga cikin cunkoso.

Da na gama cike duk wannan, sai ta fito da lamba ɗaya, babba, a tsakiyar fuskar waya: awa 12. Lokacin tebur ɗin da nake da shi a mako ke nan. Awa ɗaya-ɗaya a dare biyar bayan yara sun yi barci, awa 3 safiyar Asabar, awa 2 yammacin Lahadi, sai awa 2 da ke warwatse tsakanin lacca da lacca. A ƙasa ta ƙara kusan awa 4 na ido, in na samu jirgi duk kwanakin da nake zuwa.

Jikina ya yi sanyi. Ni a lissafina ina da awa 4 kowane dare, wato kusan 28 a mako. Shekara guda ina ɗora wa kaina laifin lalaci, ina cewa ga lokaci nan ni ce ba na amfani da shi. Ashe lokacin ne babu. Daga dawowata ƙarfe 6 da wani abu, ga magariba, ga tukunya, ga aikin gidan yara, ga isha'i, kafin in zauna ƙarfe 9 da rabi ta yi, kuma da asuba zan tashi. Kwas 8 nake ɗauka. Awa 12 a raba wa kwas 8, kowanne awa ɗaya da rabi a mako.

Daren nan na miƙa wa Abban yara wayar, ban ƙara ko kalma ba. Ya daɗe yana kallo, yana gangarawa ƙasa yana dawowa. Sau nawa na ce masa lokaci ba ya isa ta, yakan ce in yi haƙuri in daure, kuma har zuciyarsa yake faɗa. Amma gani ya kori ji. Washegari da kansa ya ce daga yanzu shi zai riƙa kai yara islamiyya ranar Asabar ya ɗauko su, kuma ranar Laraba kada in ɗora girkin dare, zai taho da abinci daga kasuwa. Lambar ta koma 15. Da manhajar ba ta yi min komai ba sai wannan, da na ce ta biya.

Ɓangare na biyu da na fi amfani da shi shi ne na wa'adi. Idan aka ba da aiki, zan sa ranar karɓa da awa nawa nake ganin zai ci. Ita kuma sai ta faro daga ranar karɓa ta yo baya, ta yanka aikin ta zuba shi cikin guraben da nake da su. In ya shiga, kore. In bai shiga ba sai ta yi ja, ta ce aikin nan yana neman awa 5, abin da ya rage kafin wa'adi awa 3 ne, me za a ɗage? Gara in ji wannan maganar saura kwana 10 da in gano ta ƙarfe 11 na daren ƙarshe. Akwai kuma ɗan akwati da ake taɓawa idan aikin na bugawa ne. Da an taɓa shi sai ta janye wa'adin da kwana ɗaya, don ranar ƙarshe ta zuwa shagon buga takardu ce. Duk ɗalibin da ya taɓa tsayawa a layin shagon nan ana jiran a tayar da janareta, malami kuma ya ce ƙarfe 10 zai rufe karɓa, ya san darajar wannan akwatin.

Bayan na gama aiki takan tambaye ni nawa ya ci a zahiri. Da farko tambayar na ba ni haushi, ina gamawa ina son in ajiye waya. Amma bayan aiki shida sai ta nuna min cewa duk abin da na ce awa 2, yakan kai 3 da rabi, musamman a kwas ɗin haraji. Daga nan in na sa 2 sai ta tambaya, a sa 3 da rabi? Ina yarda, don ta fi ni gaskiya a wannan.

Akwai wani sashe da ya sa wa suna "Tishi", kuma sunan kaɗai ya saye ni. Duk laccar da aka yi, sai ta dawo min da ita washegari, da bayan mako, da bayan wata, minti 10 kacal, kuma cikin lokacin ido take sa ta, wato a jirgi. Auta ya ce wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa bincike a 1885 da ya nuna mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyon abu, maimaici a tsakani kuma yana rage ta. Na ce masa malaminmu na allo bai taɓa jin wannan suna ba, amma bai taɓa bari mu wanke allo ba sai mun kawo na baya. Ya ce ai shi ya sa bai nemi wani suna ba.

Wajen nauyi ba ta da matsala. Ƙarama ce, tana aiki ba data, ba talla, kuma wayata mai ƙaramin ƙarfi ba ta taɓa tsayawa saboda ita ba.

To, yanzu inda ta ba ni ciwon kai, kuma duk na faɗa masa a gaban idonsa kafin in rubuta.

Mafi girma shi ne ajiya. A watan Yuli, wata ranar da aka kwana ana ruwa aka wuni, na tsallaka wani wuri a Oshodi ruwa har gwiwa, jakata ta jiƙe sharkaf, wayar ta mutu. Na kai ta Computer Village a Ikeja, mai gyara ya buɗe ya ce ba ta tashi. Na sayi wata ta hannu. Da na sa imel ɗina, lambobin mutane suka dawo, hirarrakin WhatsApp suka dawo, har tsohon jadawalin da na taɓa sa wa a Google Calendar ya dawo. Manhajar Auta kuwa ta buɗe fes, tana tambayata wane gari nake. Jadawali, wa'adin ayyuka huɗu, makin gwaje-gwajen da na shigar, lissafin tishi na mako 9, duk sun tafi da tsohuwar waya. Saura mako uku jarrabawa. Na kira shi raina a ɓace. Ya ce ya bar komai a cikin waya ne da gangan, don kada a buƙaci data, kuma don kada bayanan mutane su zauna a hannunsa. Niyyar mai kyau ce, na yarda. Amma a garin da ake fizge waya a gosulo, ruwa kuma yake cin wata wayar, manhajar da ba ta da hanyar ajiya a waje tana jiran ranar da za ta kunyata mai ita ne. Yanzu ya sa maɓallin da ke fitar da komai cikin fayil ɗaya, in tura wa kaina ta imel. Ya rage zafi, amma sai na tuna na taɓa shi. Mutumin da ya manta da aikin ƙididdiga shi ake so ya tuna da ajiya duk Juma'a? Ya kamata ta riƙa yi da kanta.

Na biyu, ɗage lacca. A wurinmu jadawalin da aka manna a allo daban, abin da ke faruwa daban. Ƙarfe 10 na dare wakilin aji zai sa a guruf cewa laccar gobe ta 8 ta koma 12, ko ta Alhamis ta dawo Talata na wannan makon kaɗai. A manhajar, in na ja lacca na kai ta wani lokaci, sai ta canza ta har ƙarshen zango. Sai na goge ta wannan makon, in ƙirƙiri sabuwa, in sake sa suna da ɗaki. Taɓi bakwai na ƙirga. Abin da ake buƙata tambaya ce guda: yau kaɗai, ko kullum? Har yanzu bai gyara ba, kuma wannan ne abin da nake cin karo da shi kusan kowane mako.

Tunatarwa ma ta yi min shiru kwana huɗu a sabuwar wayar. Ashe tun daga Android 13 sai an ba manhaja izini kafin ta turo sanarwa, sannan tsarin tattalin batir yakan kwantar da wadda ba a buɗe ba. Shi ya san wannan, ni ina zan sani? Ya kamata tun ranar farko ta kama hannun mutum ta kai shi inda zai kunna.

Akwai kuma wanda ya fi taɓa min zuciya. A zangon da ya wuce zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ƙaramar 'yata, muka kwana uku a asibiti. Ban ko kalli littafi ba, kuma ko yau aka sake haka zan yi. Ranar da muka dawo gida na buɗe manhajar, sai ga jan rubutu daga sama har ƙasa: abu 17 da "ba ki yi ba". Na rufe, ban sake buɗewa ba sai bayan mako guda, kuma a makon nan na kusa sake faɗawa ramin da na fito. Na ce masa, "Auta, wadda ta kwana uku a kan kujerar asibiti ba jerin laifi take buƙata ba. Ka ba ni wurin da zan ce ina da uzuri." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa kawo wannan a raina ba." Ba mamaki, saurayi ne mai zaman hostel. Bayan kwana 10 ya turo sabuwa mai maɓallin "Uzuri". In na taɓa shi na sa kwana nawa, sai ta kwashe ayyukan ta sake raba su a gaba, ta ware min waɗanda ba za su shiga ba don in san wane malami zan je in roƙa. Ba ja, ba ƙirga. Na yi amfani da shi sau biyu tun daga nan, ɗaya ranar sunan ɗan ƙanwar maigidana.

Sashen lissafin maki yana nuna cewa ɗan jami'a ne ya yi shi. Ma'aunin 5 kaɗai ya sa, inda 4.50 take farkon daraja mafi girma. Mu 'yan kwalejin kimiyya da fasaha a kan 4 ake auna mu, 3.50 ce babbar daraja, 3.00 zuwa 3.49 mai bi mata. Don haka lambar da take ba ni ba ta da amfani a wurina, har yanzu da kalkuleta nake yi. Abin da ya yi daidai a sashen shi ne tana bari a sa rabon maki yadda malami ya faɗa, ko 30 da 70 ko 40 da 60, ta gaya miki abin da kike nema a jarrabawa bayan an ga na gwaji.

Hausarta ta fi ta yawancin manhajojin da na gani, don an ji mai jin yaren ne ya rubuta. "Wa'adi", "uzuri", "tishi", duk kalmomin gida ne. Inda ta gaza shi ne wajen nema: na rubuta "ƙididdiga" da ƙa mai lanƙwasa lokacin shigarwa, ranar da na nema da "kididdiga" cikin sauri sai ta ce babu. Mutanenmu da yawa ba sa sa lanƙwasa a waya, ya kamata ta gane duka biyun.

Lokutan salla daidai suke da kiran masallacin unguwarmu, sai dai ba ta bin mutum in ya yi tafiya. Mun je Kano ana saura kwana biyar ƙaramar salla, na ji an kira asuba alhali waya na cewa da saura. Kano tana gabas da Legas da kusan digiri 5, kowane digiri kuma minti 4 ne, don haka tazarar ta kai wajen minti 20. Ga mai sahur wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da hannu ake canza gari, kuma ba ta tunatarwa. Wanda zai tafi gida da azumi ya kiyaye, ya bi ladaninsa.

Yana shirin sa mata naira 1,000 a zango in ta fito. Na ce masa ni zan biya, ya ce ba zai karɓa ba, na ce to zan biya wa ƙawata da muke aji ɗaya, mai sayar da atamfa a Balogun da safe. Irinmu ta fi yi wa amfani: matan aure, masu tsaron shago a Mile 12 ko Alaba Rago da ke karatun yamma ko na ƙarshen mako, duk wanda hanya da hidima suka cinye masa rana. Ɗalibin da ke kwana cikin makaranta, aji na bayan ɗakinsa, zai iya wadatuwa da kalandar da ke wayarsa. Shawarata ga wanda zai sa ta, ya ba shafin farkon nan minti 30 cikakku, ya faɗi gaskiya a lokacin hanya da na barci, kuma ya fitar da fayil ɗin ajiya tun ranar.

Yau da safe na samu jirgi. Muna barin Ikeja ta kawo min tishin laccar haraji ta makon jiya, na gama kafin Mushin. A ƙasa ta rubuta cewa saura kwana 19 jarrabawa, awa 41 na tebur, kuma aikin lissafin farashi yana neman 6 daga ciki kafin Alhamis mai zuwa. Ina sauka a Yaba saƙon wakilin aji ya shigo, an mayar da laccar 10 zuwa 2, na yau kaɗai. Na tsaya gefen matakala na yi taɓi bakwai ɗin nan, sannan na ɗauki hoton fuskar wayar na tura wa Auta.